Matar Bakanike: Yadda Muka Sayo Injin Ɗaga Mota Daga Kano Zuwa Faskari

 Na san da yawanku da kun ga kan maganar nan za ku taɓe baki ku ce, "Mu ina ruwanmu da ƙarfe da baƙin mai? A ba mu labarin soyayya ko na girki mana." To ku yi haƙuri ku tsaya ku ji, domin kuwa ba kowacce a cikinku za ta auri ma'aikacin banki ba. Wata direba ne rabonta, wata mai walda, wata kuma irina, bakanike. Kuma ko wa kika aura, akwai ranar da za a sayo wani babban kaya da kuɗinki a ciki, injin markaɗe ne, firji ne, ko keken saƙa, a ɗoro shi a mota daga birni zuwa garinku. Abin da ke faruwa tsakanin shagon mai kaya da ƙofar gidanki shi ne nake so mu tattauna yau.

Mu a Faskari muke zaune, kuma garejin maigidana a jikin katangar gidanmu yake, ta yadda in ya buga guduma ina jiyowa daga madafa. Kamar sauran kanikawan ƙasar nan, da abu biyu yake shiga ƙarƙashin mota: rami da jak. Ramin kuwa da damina ta kankama sai ya koma rijiya, yara su wuni suna kwalfe ruwa da bokiti, kwaɗi na kuka a ciki. Sai a koma ga jak, a ɗaga motar a tokare ta da dutse ko gungumen itace ko tsohon wili, mutum ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashi. Ke da ba ki sani ba, ƙaramar Golf ɗin nan da ake lodin fasinja da ita ta haura tan ɗaya, wato kilo 1,000, Hilux kuwa tana kai wa tan biyu. Duk wannan nauyi a kan ɗan ƙarfen da bai fi damtsena kauri ba, a kan ƙasar da ruwa ya jiƙa. Wani abokin sana'arsa haka jak ya zame masa, Allah ya yi da sauran kwana, amma har yau ba ya iya ɗaga buhu. Tun daga ranar ba na samun natsuwa in na leƙa na ga ƙafafun maigida kaɗai a waje, sauran jikinsa yana ƙarƙashin mota.

Shi ya fara kawo maganar injin ɗaga mota, wanda kanikawa ke kira lif, bayan ya gan shi a wani babban gareji a Kaduna. Ni kuwa na ce in dai wannan ne, ga adashena, ga kuma bijimin da nake kiwo tun na gadon mahaifina. Inna, wato surukata, ta kira ni ɗaki ta ce, "'Yar nan, kin yi tunani kuwa? Mata na sayen gwal ke kina sayen ƙarfe?" Na ce, "Inna, gwal ba zai hana mota danne ɗanki ba." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya sa albarka. Amma fa da sharaɗi na ba da kuɗin: an rubuta nawa na zuba a gaban wansa da wana, kuma littafin lissafin gareji ya dawo hannuna. Wannan ba rashin so ba ne, ƙawata. Hasali ma rubutun ne ke tsare soyayyar, don kada wata rana a zo ana "na ce, ka ce".

Bari in ɗan kwatanta muku abin, don kada ku zaci wani aljani ne. Ginshiƙai ne biyu na ƙarfe a tsaye, kowane da hannuwa biyu masu miƙewa da lanƙwashewa. Mota za ta shiga tsakaninsu, a zura hannuwan huɗu a ƙarƙashinta a wuraren da kamfanin motar ya tanada don ɗagawa, a danna maɓalli, cikin kamar minti ɗaya sai ga ta a sama, tsayin da mutum zai shiga ƙarƙashi yana tsaye, wajen mita 1.8. Abin da ke ɗaga ta kuwa mai ne kawai, wanda famfo ke turawa da ƙarfi cikin bututu. 'Yan makaranta masu karatun kimiyya, wannan shi ne darasin Blaise Pascal, mutumin Faransa da ya rayu daga 1623 zuwa 1662, wanda ya nuna cewa in aka matsa ruwa a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai. Kun ga ashe abin da kuke hamma a kansa a aji shi ne abincin gidanmu. Wanda ya fara ƙera irin wannan inji don mota kuwa wani bakanike ne a birnin Memfis na Amurka mai suna Peter Lunati, a shekarar 1925, kuma a jikin kujerar mai aski ya ɗauko dabarar, da ya ga yadda ake ɗaga mutum sama a juya shi.

Akwai mai ginshiƙi huɗu, wanda mota ke hawa kansa da tayoyinta. Ya fi tsada, ya fi cin wuri, kuma tunda motar a kan tayoyinta take zaune, cire taya ko gyaran birki sai an ƙara wani jak. Mu aikinmu kuloci ne da giyabos da salansa da ƙafar mota, saboda haka mai ginshiƙi biyu mai ɗaukar tan 4 muka nufa.

A nan ne rigimar farko ta taso, tsakanin sabo da na hannu. Duk mai neman kayan ƙarfe a Arewa ya san Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna, masu dogon zango kuma su ce Ladipo a Legas. Wani dillali ya yi ta kiran maigida a waya cewa akwai na hannu ɗan Amurka a rabin kuɗi, a turo kafin wani ya riga mu. Ni dai na ce ba na cinikin biri a sama. Da maigida ya je ya gani da idonsa, sai ya tarar igiyar ƙarfen da ke daidaita hannuwan biyu ta fara tsintsinkewa, ɗaya daga cikin makullan tsaro kuma an yi masa walda. Bugu da ƙari, an yi shi ne don wutar Amurka mai bugawa sau 60 a daƙiƙa, alhali tamu sau 50 take bugawa, don haka ko ya tashi ba zai yi saurin da aka yi shi da shi ba. Araha ba ta ado. Muka haƙura muka ƙara wata huɗu muna tari, muka sayi sabo ɗan Sin a wani shago a Kano. Kuɗinsa miliyoyi ne, ba zan ɓoye muku ba, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan an sake ta a watan Yunin 2023, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo.

Sai maganar wuta, wadda da yawa ba sa tambaya sai kaya ya iso gida. Injin famfon yana zuwa iri biyu: mai layi ɗaya, irin wutar gida mai ƙarfin 220, da mai layi uku mai ƙarfin 380, irin ta masana'antu. In kika sayi mai layi uku alhali layi ɗaya ne ya shigo unguwarku, kin sayi abin kallo. Mu mai layi ɗaya muka ce, kuma na sa an rubuta haka a rasit. Wutar NEPA kuwa, wadda tun 2013 kamfanin KEDCO ke rabawa a Kano da Katsina da Jigawa amma bakinmu ya ƙi sakin tsohon suna, ba abin dogaro ba ce ga mai sana'a, dole sai da janareta. Kuma ba ƙaramin nan na kallon talabijin ba. Injin yana cin kilowat 2.2, amma a lokacin da zai tashi yana fizgar ninkin wannan sau da yawa, shi ya sa sai babban janareta irin na masu walda. Ga wani abu da ya ba ni mamaki: saukar da mota ba ya buƙatar wuta, nauyinta ne ke sauko da ita, amma kafin a zare makullan tsaro sai an ɗan ƙara ɗaga ta sama kaɗan, wannan kuwa sai da wuta. Ke nan in aka ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, motar mutane za ta kwana a sama kamar jemage, mai ita yana tsaye yana zagin iyayenku.

Wata guda da 'yan kwanaki kafin kaya ya taso muka fara aikin daɓe, kuma wannan shi ne wurin da na fi kashe murya. Maginin da muka kira ya ce daɓen da ke wurin ya isa, a huda kawai a ɗaura. Daɓen kuwa bai fi kaurin yatsu uku ba. Abin da bai gane ba shi ne, in mota ta hau, nauyinta yana jan ginshiƙan biyu su sunkuya ciki, kusoshin da ke bayan kowane ginshiƙi kuma ana fizgo su sama kamar ana cire haƙori. In kankaren ba shi da kauri, tumɓuko shi za su yi, ginshiƙi da mota su kife gaba ɗaya. Masu ƙera irin wannan inji yawanci suna neman kankare mai kaurin santimita 15 zuwa 20, da rodi a ciki, a shimfiɗe ɗoɗar ba tudu ba kwari, kuma ya yi kwana 28 yana ƙarfi kafin a huda shi. Muka fasa tsohon, aka haƙa, aka zuba sabo da tsakuwa da yashin rafi mai kyau. Da yake lokacin hunturu ne, iskar na busar da siminti tun bai kama ba, sai muka lulluɓe shi da tsofaffin buhunan algarara, yara na yayyafa ruwa safe da yamma. Kuɗin 'yan ga-ruwa kaɗai na watan nan ya isa ɗinkin sallah, amma ban ji ciwonsa ba. Rufin rumfar ma sai da aka ɗaga, domin ba tsayin ginshiƙi kaɗai ake aunawa ba, har da motar da za ta hau sama, in bas ce kuwa kin san tana da tsawo.

To, yanzu ga uwar tafiyar, wato ɗauko kaya.

Injin yana zuwa ne a ɗaure wuri guda, ginshiƙan biyu a kwance an haɗa su da ƙarafa a kai da gindi, tsawonsu ya kusa mita 3, nauyin duka ya haura kilo 600. Hannuwa da ƙananan kaya suna cuse a tsakani, injin famfo kuma a kwalinsa daban. Ba kayan a-kori-kura ba ne, Kanta muka nema. Mai shago ya ce shi iyakarsa ya ɗora mana a mota, daga nan ba ruwansa. Wannan magana ku riƙe ta da kyau, domin a nan ake cutar mutane: in ba a faɗi a fili wa ke da alhakin kaya a hanya ba, ranar da ya lalace mai shago zai ce direba ne, direba ya ce haka aka ba shi. Abin da muka yi shi ne, ba mu ɗauki direban bakin titi ba, ta hannun 'yan ƙungiya a tasha muka bi, inda aka rubuta lambar mota da sunan direba. Ƙanen maigida ya tsaya aka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a gabansa, ya ɗauki hotonsu a waya ya turo mini, sannan ya shiga gaban motar ya biyo kayan. Kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kuma muka riƙe, da yarjejeniyar sai yaron shagon ya zo ya kafa ya gwada za a cika. Mai shago ya yi ta ƙorafi, na ce wa maigida ya gaya masa kuɗin mace ne a ciki, kuma macen ta ƙi.

Hanya ma sai da aka yi shawara. Daga Kano ana iya bi ta Gwarzo da Dayi zuwa Malumfashi, daga nan a yanke ta Ƙanƙara a ɓullo Sheme, ko kuma a miƙe ta Bakori zuwa Funtuwa sannan a kamo titin Gusau, wanda ya ratsa ƙasar Faskari ta Mairuwa da Sheme da 'Yankara. Ta Ƙanƙara ta fi kusa, amma ba sai na gaya wa 'yan yankinmu abin da muka gani ba. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a 2021 kuma gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya na wasu watanni a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara. Direban Kano da ya ji an ce Faskari sai ya ƙara kuɗi, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma yana da iyali. Muka yarda ya bi ta Funtuwa, ya taso da asuba, ya sauke ya juya tun rana na sama. Wani abin ban haushi shi ne, a 2024 an ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a nan Funtuwa maƙwabciyarmu, amma ƙaramin mai saye irinmu da ke neman inji guda ɗaya tak, dole dai sai ya bi ta hannun 'yan kasuwar Kano ko Legas.

Motar ta iso ana kiran azahar. A birni da mota mai ƙugiya irin Hiab za a sauke, mu kuwa ina muka gan ta? Maigida ya riga ya kafa ƙafa uku na manyan bututu ya rataya cen bulok, wato sarƙar nan da suke ciro injin mota da ita, ya tanadi tsofaffin tayoyi a ƙasa da gajerun bututu na mirginawa. Samarin unguwa sun taru, kowa na cewa a bar su su ɗauke shi da hannu, ai hannu ɗaya ne ba ya ɗaukar jinka. Ya hana. Ginshiƙi guda ya fi buhun masara biyu nauyi, ga santsin fenti, ga kaifin baki, in ya kuɓuce a kan ƙafar yaron mutane wa zai biya? Aka fara sauke kwalin famfo da hannu aka kai zaure, sannan aka ɗaure babban ƙunshin da sarƙa ta tsakiya, aka ɗaga shi kaɗan, motar ta ja gaba, aka sauke shi a hankali kan tayoyi. Ba a kwance ƙarafan da suka haɗa ginshiƙan ba sai da aka tokare kowane da katako, domin da an kwance noti na ƙarshe kowane zai nemi mirginawa.

Ni ina cikin zaure da takardar jerin kaya da biro, yara na shigo mini da ƙananan kaya ina yi musu maki. Hannuwa huɗu, sun cika. Igiyoyin ƙarfe biyu, sun cika. Tiyon mai, ga shi. Faifan roba huɗu da ke taɓa cikin mota, ga su. Sai na zo kan manyan kusoshin da ake kafe ginshiƙai da su a cikin kankare, guda goma, biyar kowane ɓangare. Babu su, babu dalilinsu. Na duba hoton da aka turo mini da safe, ga ƙaramin kwalin nan a kusa da taya a ƙofar shago, ashe a ƙasa aka bar shi.

Direba ya matso bakin zaure ya ce, "Hajiya, don Allah a sa mini hannu in kama hanya, kin san halin da ake ciki." Na ce, "Malam, ba zan tsare ka ba, ga abinci nan ma an zuba maka. Amma sai an rubuta a jikin takardar nan cewa kwali ɗaya bai iso ba, kai ma ka sa hannu a ƙasa." Ya ce ai kusa ce kawai, ko a Funtuwa za a samu. Maigida ma ya leƙo ya ce, "Ke kuwa, a bar bawan Allah ya tafi mana." Na ce, "Maigida, minti biyu ne." Aka rubuta, ya sa hannu, na ɗauki hoton takardar na aika wa mai shago tun motar ba ta bar unguwa ba. Bayan kwana uku yaron shagon ya zo kafawa da kwalin a jakarsa, ba mu ƙara ko kwabo ba. Kusoshin nan kuwa ba irin na kasuwa ba ne, masu buɗewa ne a cikin rami su riƙe kankare, kuma su ne ke riƙe da ran duk wanda ya shiga ƙarƙashi.

Kafawar ta ci wuni guda. Aka auna tazarar ginshiƙai yadda takarda ta ce, aka huda, aka share ƙurar kowane rami, aka tsayar da su da ma'aunin magina har suka miƙe sak, aka zuba man haidirolik kusan lita goma. Aka fara ɗaga shi ba komai sau da yawa don iska ta fita daga bututu, ana sauraren makullan ɓangarorin biyu suna ƙara "ƙas, ƙas" a tare. In ɗaya ya riga ɗaya, igiya ce ba ta daidaita ba, sai an ɗaure. Sannan aka sa tsohuwar Golf ta maigida, aka ɗaga ta kamar taki ɗaya daga ƙasa, aka girgiza ta da ƙarfi ta gaba da ta baya, ba ta motsa ba, sai aka kai ta sama. A nan na tura cikon kuɗin.

Dokoki uku maigida ya kafa wa yaransa, na rubuta su da manyan baƙaƙe aka manna a ginshiƙi. Ba mai shiga ƙarƙashi sai an sauke motar ta zauna a kan makulli, domin mai ɗagawa yake yi, makulli ke riƙewa. In za a cire abu mai nauyi kamar giyabos sai an tokare ɗaya ƙarshen motar, don nauyi zai koma gefe guda. Kuma Kanta da manyan motocin ɗaukar masara da auduga ba su hawa, komai magiyar mai su, ramin nan dai shi ne nasu. Ni kuma na ƙara ta huɗu: akwatin maɓallin yana da kwaɗo, makullin yana ɗaure a bakin zanena da zarar an tashi aiki, saboda 'ya'yana da na maƙwabta sun riga sun fara kallon hannuwan nan kamar lilo.

Abin da ban zata ba shi ne ƙanwar maigida, 'yar aji biyar a sakandare, ita ta fi kowa naci a kan takardar injin, ita ke karanta wa yaran gareji Turancin tana fassara musu. Na ba ta labarin Sandra Aguebor, wadda ta kafa shirin koya wa mata kanikanci a 2004, da kuma garejin mata zalla da aka buɗe a Sakkwato. Inna ta ce kada in kuskura in zuga mata ɗiya. Yarinyar dai yanzu ita ke duba ma'aunin mai duk ranar Asabar, ta bi kusoshin nan goma da sipana ko wani ya saki, ta shafa wa igiyoyi giris, ta zo ta faɗa mini in rubuta a littafi.